Wai da gaske 'yan Firimason da Fafaroma ne suka zana birnin Washington?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare wani ya turo min bidiyo a WhatsApp wlh har yanzu abin na raina, an ɗauko taswirar birnin Washington an ja layi a kan tituna sai ga tauraro mai tsini biyar ya fito kansa a ƙasa, kuma tsinin ya sauka daidai kan fadar White House, sannan aka nuno idon nan na jikin dala ɗaya, aka nuno doguwar hasumiyar nan mai tsini aka ce irinta ce a ƙofar cocin Fafaroma. Mai bidiyon yace 'yan ƙungiyar asirin nan ta Firimason da Katolika ne suka haɗa baki suka gina garin don bautar shaiɗan. Masu sani don Allah a warware mana

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Nima an turo min shi a gurup ɗin dangi, yayata har cewa tayi kar yara su ƙara kallon kuɗin Amurka, nace Yaya ai sai mun ga kuɗin tukunna 😂

Baban Walid: Hhhh Maman Ilham kin gama magana. Ɗan Gwammaja ni shekarata goma sha huɗu ina tuƙin tasi a garin nan, a Maryland nake kwana a Washington nake wuni, shataletalen nan da ake ja wa layi ba ranar da bana zaga su, Dupont da Logan da Scott da Washington Circle da dandalin Mount Vernon. Tauraron nan bai cika ba. Titin Rhode Island da ya kamata ya rufe gefe ɗaya a kan Connecticut yake ƙarewa, bai isa Washington Circle ba, mai bidiyon da kansa ya ƙarasa layin da jan alƙalami ta kan gidajen mutane. Da akwai titi a wurin ai da na huta da gosulo

Ɗan Gwammaja: To Baban Walid ai ƙila da gangan suka bar shi a haka don kar a gane

Mai Zane: Ka ga irin wannan amsar ita ce ke kashe muhawara, in ya cika ace ga shi, in bai cika ba ace ɓoyewa akai, to ta ina mutum zai fita? Bari in faɗi abinda muka karanta a zanen birane. Wanda ya zana garin Bafaranshe ne, Pierre L'Enfant, a 1791. Abinda yayi shi ne ya shimfiɗa tituna a miƙe kamar gidan dara, sannan ya ratsa su da manyan tituna a karkace masu haɗa muhimman wurare, salon da ya taso yana gani a Faransa irin na fadar Versailles, kuma Thomas Jefferson ya ara masa taswirorin biranen Turai ya duba. Duk garin da kayi wa haka dole kusurwa uku uku su cika shi, in kana son tauraro zaka samu, in jirgin sama kake so ma zaka samu. Ɗauki taswirar Abuja ka gwada ka gani. Kuma L'Enfant ko shekara bai cika ba aka sallame shi, farkon 1792, Andrew Ellicott ne ya gyara zanen aka buga

Malamin Tarihi: Mai Zane ka yi daidai a kan tauraro, amma kar mu wanke su tas, don Ɗan Gwammaja ba daga sama ya tsinci maganar ba. Hannun Firimason a ginin garin nan gaskiya ne, abinda ba gaskiya ba shi ne cewa a ɓoye akai. George Washington ya shiga ƙungiyar a 1752 a garin Fredericksburg yana ɗan shekara 20. Ranar 18 ga Satumba 1793 shi da kansa ya aza harsashin ginin majalisa, Kapitol, sanye da walkin 'yan ƙungiyar, aka yi jerin gwano da ganguna da harbin igwa, aka zuba hatsi da giya da mai a kan dutsen kamar yadda al'adarsu take, aka saka farantin azurfa da aka rubuta shekarar 5793 a jiki, don su a lissafinsu ƙara 4000 suke a kan shekarar miladiyya. Jaridu sun buga labarin a lokacin. Haka akai wa White House a Oktoban 1792, haka akai wa hasumiyar Washington ranar 4 ga Yuli 1848. A zamanin in za a aza babban gini su ake kira, tunda asalin ƙungiyar daga zaurukan magina masu sassaƙa dutse na Ingila da Sikotlan ta tsiro, shi yasa alamominsu duk kayan gini ne, kamfas da sikwaya da cokalin magini da guduma

Ɗan Gwammaja: Yauwa Malam Allah ya ƙara girma. Kun ji ko? Zuba giya da mai a kan dutse in ba tsafi ba mene ne

Malamin Tarihi: Ban ce maka ibada ce mai kyau ba ɗana, ni ba zan yi ba kuma malamanmu sun yi magana a kan ƙungiyar tun tuni. Na ce dai a bainar jama'a akai, da rana tsaka, gaban 'yan kallo, har sa aka gasa aka ci bayan an gama

Ɗan Katikis: Ku bani dama in shigo ta ɓangarenmu, ni Katolika ne gaba da baya, babana katikis ne, mai koyar da addini a coci, shekara da shekaru a ƙauyenmu. Inda bidiyon ya bani dariya shi ne wai mun haɗa baki da Firimason. Jama'a tun 1738 Fafaroma Clement na 12 ya haramta mana shiga ƙungiyar nan, Leo na 13 ya sake fitar da doguwar wasiƙa a kanta a 1884, a 1983 aka jaddada cewa wanda ya shiga ba zai karɓi jibin Ubangiji a coci ba, ko a 2023 Vatican ta sake maimaitawa. Kusan shekara 300 ana wannan gaba. Kamar kace kura da akuya sun buɗe shago tare ne

Maman Ilham: To ɗan uwa ya akai ƙubbar majalisarsu take kama da ta cocinku? Ni dai a hoto ban iya bambance su

Mai Zane: Kama kam akwai Hajiya, ba musu. Thomas Walter da ya zana ƙubbar ya je Turai ya ga ta cocin Saint Peter a Roma da ta Saint Paul a Landan da Pantheon na Paris, ya kwaikwaya. Bambancin ita tasu ba dutse bace, ƙarfe ne na zubi aka shafe da farin fenti, an fara 1855 aka gama 1866, ana tsakiyar yaƙin basasa ana aikin. Amma ƙubba ai ba ta da addini, masallatan Istanbul daga Aya Sofiya suka ɗauki fasali kuma coci ce Sarki Justinian ya gina, yau ga irinta a masallatan Juma'a ko ina ba wanda yace mun zama Rumawa

Baban Walid: Cikin ƙubbar ne ma abin kallo, na shiga sau biyu da baƙi, kyauta ne. Kana tsaye a tsakiya ka ɗaga kai har sai hularka ta faɗi, can ƙololuwa an zana Washington zaune cikin gajimare da mayafi a cinya, mata 13 sun kewaye shi, gefe ga gumakan Rumawa na da, mai riƙe da mashi mai baki uku, maƙeri da uwar maƙera, wata a kan injin girbi. Gsky ni wannan ya fi tayar min da tsigar jiki a kan wani tauraron titi, mutum ɗan adam an ɗora shi a sama kamar abin bauta. Wani baƙona ɗan Zariya da na kai yana ganin haka yace a'uzubillahi da ƙarfi har mai yi mana bayani ta juyo

Malamin Tarihi: Wanda ya zana shi kuwa mutumin su Ɗan Katikis ne. Constantino Brumidi, ɗan Roma, yayi aiki a fadar Vatican har ya zana hoton Fafaroma Pius na 9, rikicin juyin juya hali ya rutsa da shi aka ɗaure shi, ya fito ya tafi Amurka a 1852, ya gama wannan zanen a 1865. Hannun da ya saba zana waliyyan coci suna hawa sama shi aka ba kwangila, sai ya ɗora shugaban ƙasa a gurbinsu

Ɗan Katikis: Na karɓa Malam, namu ne 😅 Amma ai aikin kuɗi yayi ba aikin coci ba

Ɗan Gwammaja: To ku tsaya, an ce wurin da aka gina majalisar sunansa Roma tun asali kuma mai filin sunansa Fafaroma. Wannan ma ƙarya ce?

Malamin Tarihi: Wannan kam akwai ƙamshin gaskiya kuma abin dariya ne. A 1663 wani manomi sunansa Francis Pope, kalmar Pope ɗin ita ce Fafaroma da Turanci amma shi sunan gidansu ne kawai, ya samu gona a yankin ya raɗa mata Rome, rafin da ya bi ta gefenta aka kira shi Tiber kamar kogin Roma. Kamar mai suna Sarki ne ya sa wa gonarsa Fada. Abinda ya fi wannan nauyi shi ne ƙasar da garin yake kai daga Maryland aka yanko, kuma Maryland iyalan Calvert 'yan Katolika suka kafa ta a 1634 don masu ɗariƙarsu su samu mafaka. Tudun da majalisa take na Daniel Carroll na Duddington ne, gidan Carroll kuwa su ne manyan Katolikan ƙasar, a cikinsu akwai John Carroll bishop na farko a Amurka wanda ya kafa makarantar Georgetown a 1789, ɗan uwansa kuma yana cikin mutum uku da aka naɗa su kula da ginin birnin. Kun san me ya jawo wa L'Enfant kora? Cikin dalilan akwai rushe gidan da shi Carroll na Duddington yake ginawa don ya shigo masa layin titi, bai jira izinin kowa ba yasa aka baje shi. In haɗin baki ne to an fara shi da rusau

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu ina shan shayi. Ni tambayata guda, wanda ya gina White House wane ɓangare yake, don na ji an ce duka biyu

Malamin Tarihi: Duka biyun ne kuwa. James Hoban, ɗan Ayalan, Katolika mai zuwa coci, yana cikin waɗanda suka tsaya wa cocin Saint Patrick ta garin, kuma shi ne shugaban farko na wani zauren Firimason da aka buɗe a 1793. A lokacin haramcin Roma bai kama sosai a Amurka da Ayalan ba, sai daga baya aka tsananta

Ɗan Gwammaja: Alhamdulillah! Ɗan Katikis ina kura da akuyar taka? Ga su a jikin mutum ɗaya

Ɗan Katikis: Ka ci wannan zagayen ɗan uwa ban musa ba. Amma bari in baka labarin dutsen Fafaroma ka auna da kanka. Lokacin da ake gina hasumiyar Washington an roƙi jihohi da ƙasashe kowa ya aiko da dutse a saka a bangon ciki, Pius na 9 ya aiko da marmara daga wani tsohon gini na Roma. A watan Maris 1854 da daddare wasu 'yan ƙungiyar ƙin jinin Katolika da baƙi, waɗanda ake wa laƙabi da Know Nothing saboda duk abinda ka tambaye su sai suce basu san komai ba, suka kulle maigadi a ɗakinsa suka sace dutsen, labarin da ya shahara shi ne kogin Potomac suka jefa shi. Daga baya ma suka ƙwace kwamitin ginin, gudummawa ta tsaya, gini ya tsaya cak fiye da shekara 20. Sai 1982 aka saka madadin dutsen. Mutanen da ko dutsenmu ba a bari ya kwana lafiya ba su ne wai suka mallaki garin? Sai 1960 fa aka zaɓi shugaban ƙasa Katolika na farko, Kennedy, shi ma sai da ya tsaya gaban fastoci a Houston yana rantsuwar ba Fafaroma ne zai juya shi ba

Baban Walid: Tabon wannan rigimar yana nan a jikin hasumiyar har gobe. In ka tsaya daga nesa da hantsi zaka ga kalar dutsen ta canja wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, na ƙasa ya fi haske na sama ya ɗan yi duhu, kamar wanda ya gina katanga da bulon kamfani biyu, don da aka dawo aikin ba a samu dutsen wuri ɗaya ba. An ɗora kan a Disamba 1884, tsayinta ƙafa 555, ita ce gini mafi tsawo a duniya kafin hasumiyar Eiffel ta zo a 1889. Can tsinin ɗan ƙaramin alminiyam ne, a lokacin ƙarfe ne mai tsada, yau da shi ake mana tukunya

Maman Ilham: Ikon Allah. To ita hasumiyar ta wace ce a cikinsu, tunda akwai irinta a Vatican

Mai Zane: Ta Fir'auna ce Hajiya 😂 Asalin fasalin na Masar ne. Ta dandalin Saint Peter ma daga Masar sarkin Rum Caligula ya sa aka kwaso ta tun kafin a san za a yi wani Vatican, a 1586 Fafaroma Sixtus na 5 ya sa aka matsar da ita inda take yanzu aka dasa mata gicciye a ka, wato alamar an ci ta da yaƙi. A ƙarni na 19 kuma Turawa suka haukace da kayan Masar, Paris ta samu tata, Landan da New York ma, har kaburbura ake wa. 'Yan Firimason suna son kayan Masar ba shakka, amma a lokacin kowa ma so yake

Ɗan Gwammaja: Naji. Saura ido da dala irin ta Masar a kan takardar dala, wannan kam ba mai kare su

Ɗan Maraɗi: Dala a kan dala, saura a kawo Goron Dutse 😂

Malamin Tarihi: Hatimin ƙasar ne, an amince da shi 1782 bayan kwamiti uku sun yi ta kai kawo shekara shida. A cikin waɗanda suka zauna kwamitocin wanda aka tabbatar ɗan Firimason ne shi ne Benjamin Franklin, kuma shi shawararsa a zana Fir'auna yana nutsewa a teku Annabi Musa na tsaye a gaɓa, aka ƙi ɗauka. Ido cikin kusurwa uku ya daɗe a zanen cocin Turai kafin nan, Ɗan Katikis zai gaya maka ma'anarsa a wurinsu, Firimason sun mayar da shi nasu sosai ne daga baya. Hawa 13 na dalar jihohi 13 ne na farko, haruffan da ke gindinta kuma shekarar 1776 suke nufi. Amma ga inda zan baka gaskiyarka Ɗan Gwammaja, sai 1935 aka ɗora shi a takardar dala ɗaya, kuma shugaba Roosevelt da ministansa Henry Wallace da suka so hakan dukkansu 'yan ƙungiyar ne. Ba su suka ƙirƙira ba, amma sun gan shi ya musu daɗi

Maman Ilham: Wannan ya tuna min kakata, tana da kwabo mai huji na zamanin Turawa ɗaure a bakin zani, jikinsa tauraro mai tsini shida, ita hatimin Annabi Sulaimanu take ce masa, jikokinta kuma suka zo suka ce tutar Yahudawa ce, ranar sai da ta kore su daga ɗakin

Baban Walid: Kuma wai me ake wahalar nema a taswira ne, ga gidajen 'yan Firimason nan da allo a ƙofa. A titi na 16 akwai katafaren zaurensu da aka gama 1915, ginshiƙai 33 kowanne ƙafa 33, da zakuna masu kan mutum guda biyu a bakin matakala, suna karɓar 'yan yawon buɗe ido ma. Wanda ya zana shi kuma sunansa John Russell Pope, wani Fafaroman kenan Ɗan Gwammaja ka ƙara a lissafi. Tsallaken kogi a Alexandria ga hasumiyar tunawa da Washington da suka gina da kuɗinsu, ƙafa 333, da ƙaton kamfas da sikwaya a kwance a gabanta, daga jirgin ƙasa kana hangowa. Su Ɗan Katikis kuma suna arewa maso gabas, unguwar Brookland da ake ce wa ƙaramar Roma, babbar cocinsu da aka aza 1920 aka buɗe 1959 ba wadda ta kai ta girma a cocin Katolika na Amurka ta Arewa, hular sarautar Fafaroma Paul na 6 ma tana ciki a ajiye. Kowa ya kafa tutarsa a fili yana gasa da ɗan uwansa

Ɗan Gwammaja: Duk da haka ni dai raina bai kwanta ba. Mutanen da suke rantsuwa a ɗaki a rufe, shugabanni da alƙalai da attajirai, ba za ace zaman banza suke ba

Malamin Tarihi: Wannan damuwar ta fi ta tauraro ma'ana, kuma Amurkawa sun riga ka. A 1826 wani William Morgan yace zai buga asirinsu ya ɓace ba a sake ganinsa ba, hukuncin da akai wa waɗanda aka kama bai taka kara ya karya ba, mutane suka fusata har aka kafa jam'iyya sukutum ta adawa da Firimason, zauruka da yawa suka rufe. Maganar wa ya san wa, wa ke rufa wa wa asiri a kotu da wajen rabon muƙami, nan ne ake bincike. Ni abinda ke bani haushi da irin bidiyon nan ma wani ne daban, an ƙirga kusurwa an ƙirga ginshiƙi ba a ƙirga waɗanda suka ɗauki dutsen ba. Bayi baƙar fata aka yi haya daga iyayen gijinsu suka fasa dutse suka yanka katako suka ƙona bulo na White House da majalisa. Mutum mutumin da ke kan ƙubbar da ake kira 'Yanci, bawa ne Philip Reid ya taimaka aka zuba shi, kafin a ɗora shi a 1863 ne ya samu nasa 'yancin. Limaman Katolika da ke riƙe da makarantar Georgetown kuma sun sayar da bayi 272 a 1838 don biyan bashi

Ɗan Katikis: Wannan gaskiya ce mai ɗaci Malam, jami'ar da su limaman sun fito sun nemi gafara a 2017, ba abin da zan kare

Malamin Tarihi: A unguwar Georgetown ɗin kuma an yi wani dattijo Musulmi Yarrow Mamout, daga yammacin Afirka aka kamo shi a 1752, ana kyautata zaton Bafulatani ne, yayi shekara 44 a bauta, ya iya yin bulo, ya samu 'yanci ya sayi gidansa, an zana hotonsa a 1819 da hula a kansa yana murmushi. Shi ba mai yi masa bidiyo

Ɗan Maraɗi: Allah ya jiƙansa. To mu ba mu da ko alama ɗaya a garin ne, kowa da tasa?

Baban Walid: Akwai mana. Masallacin titin Massachusetts inda nake Juma'a in aiki ya kai ni, shugaba Eisenhower ne ya buɗe shi 1957, ɗan Italiya Mario Rossi ya zana, kuma a ɗan karkace yake da titi saboda alƙibla, nan ma wani zai iya jan layi yace asiri ne. A zauren majalisar wakilai cikin fuskokin masu kafa doka 23 da aka sassaƙa akwai Sarkin Musulmin Usmaniyya Sulaiman tare da fafaroma biyu. Cikin hasumiyar ma akwai dutsen da Sarkin Istanbul Abdulmajid ya aiko da rubutun ajamin Turkawa a jiki, shi ba wanda ya sace shi

Ɗan Gwammaja: Kai Baban Walid don Allah in ka shiga ka ɗauko mana hotonsa in tura wa wanda ya turo min bidiyon nan, in ce masa Turkawa ma suna ciki

Baban Walid: Matakalar a rufe take yanzu sai lifta, in ana saukowa tana rage gudu gilashin ya washe ka hango wasu duwatsun, in Allah yasa ta gefensa na tsaya zan ɗauka. Sai an yi bukin tikiti kuma. Bari in tafi an kira ni filin jirgi, fasinja na jira

Maman Ilham: Allah ya tsare hanya. In ya biya da dala ɗaya ɗaya kar ka kalli idon, ka turo min su nan zan san yadda zanyi da su